Rigar Azaria: Nazarin Shaidar Alamu a Fim ɗin Evil Angels

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi nazarin wani fim na ƙasar Ostireliya mai suna Evil Angels, wanda Fred Schepisi ya ba da umarninsa, aka fitar da shi a shekarar 1988. A Amurka da wasu ƙasashe an fi saninsa da suna A Cry in the Dark. An gina shi ne a kan littafin da wani lauya, John Bryson, ya wallafa a 1985. Labarin ba ƙagagge ba ne. Shari'a ce ta gaske da aka yi wa wata mata, Lindy Chamberlain, bisa zargin ta yanka jaririyarta, alhali babu gawa, babu makami, babu wanda ya gani, kuma babu wani dalilin kisa da masu ƙara suka iya nunawa. Abin da aka tara a kanta alamu ne kawai, wato abin da malaman fiƙihu suke kira ƙarina.

Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, fim ɗin ya yi nasara ƙwarai wajen nuna yadda bakin jama'a yake cin mutum, amma ya rage wa mai kallo aikin da ya fi muhimmanci, wato zama ya auna alamun nan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka ɗora wa masu yanke hukunci. Kuma a wurin awon nan ne aka zalunci matar.

Abin da ya faru

A daren 17 ga Agusta, 1980, Lindy da mijinta Michael, wanda fasto ne na ɗariƙar Kirista masu ibada ranar Asabar da ake kira Adventist, suna sansanin 'yan yawon buɗe ido a gindin dutsen Uluru, wanda a lokacin aka fi sani da Ayers Rock, a tsakiyar hamadar Ostireliya. Suna tare da 'ya'yansu maza biyu da jaririya Azaria mai kimanin mako tara. Uwar ta kwantar da jaririyar a cikin tanti, ta dawo wurin da ake girki. Can sai aka ji kukan jariri. Da ta nufi tantin sai ta ga dingo, wani karen daji na ƙasar, yana fitowa daga ciki. Ta leƙa, babu yarinya. Mutum kimanin 300 suka bazu da fitilu a daren, ba a ga komai ba sai sawun kare da jini a cikin tantin. Bayan mako guda wani baƙo ya tsinci tufafin yarinyar da jini a wuyan rigar, kimanin kilomita 4 daga sansanin. Gawar kuwa har yau ba a gan ta ba.

Alƙalin binciken musabbabin mutuwa na farko, Denis Barritt, ya yanke a watan Fabrairun 1981 cewa dingo ne ya ɗauke ta. Hukumomin Yankin Arewa ba su gamsu ba. Aka soke wannan hukunci, aka sake bincike, aka gurfanar da iyayen a birnin Darwin. A ranar 29 ga Oktoba, 1982, aka yanke wa Lindy ɗaurin rai da rai, mijinta kuma aka same shi da laifin taimaka mata ɓoye kisan, aka yi masa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka na wata 18. Tana da tsohon ciki a lokacin, kuma tana tsare ta haihu a watan Nuwamba.

Inda fim ɗin ya yi ƙarfi

Dabarar da Schepisi ya fi dogara da ita ita ce yanke labari a tsakiya ya kai mai kallo cikin jama'a. Ana cikin nuna iyayen a cikin baƙin cikinsu, sai a tsallaka zuwa mashaya, ko teburin cin abinci, ko filin wasa, a ji mutanen da ba su taɓa ganin matar ba suna yanke mata hukunci. Wannan ya ce sunan Azaria yana nufin hadaya a daji, alhali suna ne na Ibrananci mai ma'anar Allah ya taimaka. Wancan ya ce an taɓa ganin an sa wa yarinyar baƙar riga. Wani ya kawo zancen ƙaramin akwatin gawa da aka samu a gidansu, wanda a gaskiya mijin yake amfani da shi wajen wa'azin hana shan taba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da ɗan gutsuren gaskiya a ciki, shi ya sa suka yi saurin kamawa. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar unguwa ya ji an ce ai ruwa ba ya tsami banza, zai gane waɗannan mutane nan take.

Wasan da Meryl Streep ta yi a matsayin Lindy shi ne ginshiƙin fim ɗin, kuma ya cancanci kyautar da aka ba ta a bikin finafinai na Cannes a 1989. Ba ta nemi ta sa a so matar ba. Ta fito da ita yadda jama'ar ƙasar suka gan ta a talabijin: mace mai kaifin harshe, mai tsayayyen ido, wadda za ta tsaya gaban 'yan jarida ta yi bayanin yadda dingo yake saɓule fatar abin da ya kama ba tare da muryarta ta yi rawa ba. Wannan dauriya ita ce alama ta farko da jama'a suka riƙe a kanta. A ganinsu uwar da aka cinye wa ɗa dole ta narke da kuka a bainar jama'a, wadda ba ta yi haka ba kuwa biri ya yi kama da mutum.

A nan mai karatu Bahaushe yana da abin da mai kallo na Sidni ba shi da shi. A ƙasar Hausa macen da ta rasa ɗa ana yabonta ne idan ta danne zuciyarta, ta ce wanda ya ba ta shi ya karɓi abinsa. Kururuwa abin zargi ce. Akwai kuma kunyar ɗan fari, inda uwa ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, har baƙo ya ɗauka ƙinsa take yi. Da za a kai irin wannan uwa gaban mutanen da ba su san al'adarta ba, a ce su karanta fuskarta, da sun karanta ƙarya. Haka ta faru da iyalan Chamberlain. Addininsu ya koya musu miƙa lamari ga Allah da sa ran haɗuwa a tashin ƙiyama, sai maganarsu ta haƙuri ta zame wa waɗanda ba su san ɗariƙar ba abin tuhuma. Fim ɗin ya nuna wannan sarai, kuma bai yi wa'azi a kai ba.

Inda ya gaza

Matsalar ta fara tun daga daren farko. Kyamara tana biye da Lindy daga wurin girki zuwa tanti, daga tanti zuwa wurin girki, har mai kallo ya ga dingo da idonsa yana fita yana kaɗa kai. Daga wannan lokaci mai kallo ya zama shaidan gani da ido, kuma gani ya kori ji. Duk wata hujja da masu ƙara za su kawo daga baya, ya riga ya san ƙarya ce, don haka ba ya bukatar ya auna ta. Sai ya zauna yana jin haushin wawancin wasu, yana ganin da shi ne da bai faɗa ramin ba.

To amma mutum 12 da aka zaɓo daga jama'ar gari don su yanke hukunci a Darwin ba su ga daren nan ba. Kuma ba zancen baƙar riga aka karanta musu a kotu ba. Abin da aka ajiye a gabansu ya fi haka nauyi nesa ba kusa ba. Wata masaniyar gwajin jini, Joy Kuhl, ta shaida cewa ta samu jini a cikin motar iyalin, kuma jinin yana ɗauke da wani sinadari da ake samu a jinin jarirai 'yan ƙasa da wata shida. Aka nuna wani feshi a ƙarƙashin allon gaban motar aka ce tsartuwar jini ce daga jijiyar wuya. Wani shehun malami daga Landan, James Cameron, ya ce ya ga shatin hannun mutum da jini a jikin rigar, kuma yanayin jinin ya nuna yanka ne. Wani masanin tufafi ya ce yagewar rigar aikin almakashi ne, ba na haƙori ba. Aka ƙara da cewa ba a samu yawun kare a jikin rigar ba. Da Lindy ta ce ai akwai wata 'yar rigar sanyi saƙaƙƙiya a saman wadda aka tsinta, sai masu ƙara suka nuna ƙirƙirarta ta yi, tun da ba a gan ta ba.

Mutumin kirki mai hankali, wanda bai taɓa sauraron tsegumi ba, yana iya jin wannan jeri ya gamsu. Abin tsoron ke nan, kuma shi ne fim ɗin bai bari mai kallo ya ɗanɗana ba. Gaskiya ne ya nuna zaman kotun, ya nuna yadda bayanin masana ya rikita masu sauraro har wasu suka gaji. Sai dai ya tsaya a nuna rikicewar, bai warware ta ba.

Riguna biyu

Wanda ya yi karatun Suratu Yusuf ba zai ji wannan shari'a ba tare da ya tuna wata riga ba. 'Yan'uwan Annabi Yusuf, Alaihis Salam, sun zo wa mahaifinsu da rigarsa da jini, suka ce kerkeci ya cinye shi. Malaman tafsiri sun bayyana cewa Annabi Yakubu ya duba rigar ya ga ba ta yage ba, ya gane ba aikin dabba ba ne. Alƙurɗubi ya ambata cewa malaman fiƙihu sun kafa hujja da wannan wuri a kan halascin aiki da alamu, haka kuma Ibnu Farhun, Bamalike, ya ware wa hukunci da ƙarina babi a cikin Tabsiratul Hukkam. Ke nan aiki da alama ba abin ƙi ba ne a shari'a, ta Musulunci ko ta Turawa. Da an hana shi, da mafi yawan masu kisa a ɓoye sun sha.

Abin lura shi ne masu ƙara a Darwin sun bi wannan hanya sak: ga riga, ga jini, an ce dabba ce, mu kuwa mun duba rigar mun ga ba dabba ba ce. Siffar hujjar ɗaya ce. Bambancin yana ga abin da ake bukatar sani kafin a karanta alamar. Riga lafiyayya wadda ko zare bai fita ba, kowa ya san dabba ba ta ci mutum a cikinta ba. Amma riga yagaggiya, a ce wannan yagewa ta ƙarfe ce ba ta haƙori ba, wannan sai wanda ya san abin da haƙorin dingo yake yi wa tufa. Gwaje-gwajen da aka yi bayan shari'ar sun nuna haƙoran gefe na dingo suna iya datse yadi tas kamar almakashi, har su bar irin gutsattsarin zaren da aka ce almakashi kaɗai ke bari. Masanan da aka yarda da su sun san tufafi, sun san gawa, amma ba su san dingo ba. Waɗanda suka san shi, wato masu bin sawu daga mutanen Anangu, 'yan asalin wurin, sun ga sawunsa a bakin tanti da alamar inda ya ajiye wani abu a kan rairayi, amma ba a ba maganarsu nauyi ba a Darwin. Babban mai gadin dajin ma ya riga ya rubuta wa hukuma gargaɗi kafin abin ya faru cewa karnukan sun fara sabawa da mutane har sun zama haɗari. Dattijon da ya san darajar maharbi wajen bin sawun ɓarawon shanu zai yi mamakin kotun da ta fifita baƙo daga Landan a kan ɗan gari a sha'anin dabbar dajinsu. Fim ɗin ya nuna masu bin sawun a daren farko, daga nan ya kusan mantawa da su, kamar yadda kotun ta yi.

Akwai kuma hadisin mata biyu da kerkeci ya ɗauke ɗan ɗayarsu, suka yi jayayya a kan wanda ya rage, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, kuma Ibnul Ƙayyim ya kafa hujja da shi a cikin Aɗɗuruƙul Hukmiyya. Annabi Sulaiman ya nemi wuƙa a raba yaron, ƙaramar ta ce a bar wa babbar, sai ya hukunta mata. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin dalilin cewa ana gane uwa ta hanyar tausayin da ta nuna. A fahimtar mai wannan nazari, abin da aka auna a can shi ne abin da matar ta yarda ta rasa don yaron ya rayu. Aiki ne da ta yi a gaban alƙali, ba yanayin fuska ba. Ba a tambayi wadda ta fi zubar da hawaye ba.

Igiya ko sarƙa

Masana shari'ar Turawa suna da wani misali mai amfani. Sukan ce wata shaidar alamu kamar igiya take: sili da yawa aka tufka, ko ɗaya ya tsinke sauran za su riƙe. Wata kuma kamar sarƙa take: gaɓa ɗaya ta ɓalle, komai ya zube. Aikin mai hukunci na farko shi ne ya gane wacce ce a hannunsa.

An gabatar da ƙarar Lindy a matsayin igiya mai kauri. Idan aka duba da kyau, sarƙa ce. Labarin masu ƙara shi ne, a cikin minti biyar zuwa goma da ta bar wurin girki, ta ɗauki yarinyar zuwa kujerar gaban mota, ta yanka ta, ta cusa gawar a jakar kyamara, ta goge jikinta, ta yayyafa jini a tanti, ta ɗauko gwangwanin abinci, ta dawo tare da ɗanta babba ba tare da kowa ya ga ɗigon jini ko wani canji a tare da ita ba. Babu abin da ke riƙe da wannan labari sai jinin cikin mota. Idan babu shi, babu wurin kisa, babu lokacin kisa, kuma shaidar wata mata da ke wurin girkin, wadda ba ta san su ba sai a ranar, cewa ta ji kukan jaririyar bayan Lindy ta dawo, ta isa ta rushe komai.

Wannan gaɓa kuwa ruɓaɓɓiya ce. Hukumar bincike ta Mai Shari'a Trevor Morling, wadda ta ba da rahotonta a 1987, ta gano cewa feshin ƙarƙashin allon mota wani sinadarin rage ƙara ne da kamfanin ƙera motar yake fesawa tun a masana'anta, har an same shi a wasu motoci irinta. Gwajin farko da ake yi don neman jini yana iya amsawa ga ƙurar tagulla, iyalin kuwa a Mount Isa suke zaune, garin haƙar tagulla. Shatin hannun da aka gani a riga, akasarinsa jan rairayin hamada ne. Faifan gwajin da Kuhl ta yi aiki da su an riga an zubar da su bisa al'adar ɗakin gwajin, don haka babu wanda ya iya sake duba su. Morling ya kammala da cewa da wannan bayani yana gaban kotu tun farko, da dole alƙali ya umarci a sallame su.

Wani abin da ya fi ba da mamaki ya faru tun kafin nan, a Kotun Ƙoli ta ƙasar a watan Fabrairun 1984, inda aka kori ɗaukaka ƙarar da rinjayen alƙalai 3 a kan 2. Biyu daga cikin masu rinjayen, Gibbs da Mason, sun yarda cewa saɓanin masana ya sa ba za a iya sakankancewa jinin na jarirai ne ba, amma duk da haka suka ga sauran alamun sun isa. Wato sun cire gaɓar, suka ci gaba da ɗaukar abin a matsayin igiya. Ba su tsaya a kan cewa sauran silin duk daga tushe ɗaya suka fito ba, wato zaton cewa dingo ba zai iya wannan aiki ba. Alamu goma da suka tsiro daga zato ɗaya ba su fi zaton nan ƙarfi ba. A littattafan Malikiyya, alama mai ƙarfi a sha'anin kisa, wadda suke kira lausu, ba ta wadatar da hukunci ita kaɗai, ƙofar rantsuwa hamsin kawai take buɗewa, kuma wannan taka-tsantsan yana da dalili. Wannan mataki na Kotun Ƙoli shi ne zuciyar al'amarin ga mai son fahimtar shaidar alamu, amma fim ɗin ya wuce ta kansa da gudu, bai kuma tsaya a kan binciken Morling ba.

Ana iya yi wa Schepisi uzuri cewa fim ba aji ba ne, kuma bayanin sinadarai ba ya riƙe mai kallo. Uzurin yana da ƙarfi, sai dai yana da farashi. Mai kallo yana fita da tunanin cewa maganin irin wannan zalunci shi ne mutane su daina tsegumi. Tarihi bai goyi bayan haka ba. A Ingila an ɗaure Sally Clark a 1999 bisa mutuwar 'ya'yanta biyu, bayan wani likita ya gaya wa kotu cewa yiwuwar hakan ta faru haka kawai ɗaya ce cikin miliyan 73, lissafin da masana ƙididdiga suka yi watsi da shi, aka sake ta a 2003. A Ostireliya kanta an ɗaure Kathleen Folbigg a 2003 bisa mutuwar 'ya'yanta huɗu, da hujjar abin da ta rubuta a littafin sirrinta, sai a 2023 aka sake ta aka soke hukuncin, bayan binciken ƙwayoyin gado ya nuna wata cutar zuciya da 'ya'yanta mata biyu suka gada. A duka biyun masana da alƙalai ne suka yi awon.

Rigar sanyi

Ƙarshen fim ɗin ya bi abin da ya faru. A farkon 1986 wani Bature ɗan Ingila ya faɗo daga kan Uluru ya mutu. Ana neman sassan gawarsa a wani wuri mai ramukan dingo sai aka tsinci 'yar rigar sanyin da aka ce babu ita. Cikin 'yan kwanaki, a ranar 7 ga Fabrairu, aka saki Lindy bayan ta shafe kimanin shekara uku a kurkuku. A watan Satumban 1988 kotu ta soke hukuncin, a 1992 aka biya su diyyar dalar Ostireliya miliyan 1.3.

A fim, wannan wuri yana zuwa kamar saukar ruwa bayan fari, mai kallo ya yi ajiyar zuciya. Amma ya kamata a lura cewa rigar ba ta tabbatar da dingo ne ba. Abin da ta tabbatar shi ne matar ta faɗi gaskiya a wuri ɗaya da aka ƙaryata ta, kuma rashin yawu a rigar ciki ba hujja ba ne. Raunin shaidar jini yana nan tun 1982, masanan da lauyoyinta suka kira sun faɗe shi a gaban kotu, littafin Bryson ma ya fito da shi tun tana kurkuku, kafin a ga rigar. Da baƙon nan bai zame daga dutse ba, da wannan rauni bai buɗe mata ƙofa a ranar da ta buɗe ba. Fim ɗin ya karɓi wannan sa'a da godiya, bai tambayi abin da take nunawa game da kotunan da suka gabata ba.

Labarin kuma bai ƙare inda fim ya ƙare ba. Bincike na uku a 1995 ya bar musabbabin mutuwar a buɗe. A 2001 karnukan dingo suka kashe wani yaro ɗan shekara 9 a tsibirin Fraser, aka kuma tara rahotannin wasu hare-hare a kan yara. Da waɗannan ne alƙaliyar bincike na huɗu, Elizabeth Morris, ta yanke a ranar 12 ga Yuni, 2012, cewa dingo ne ya ɗauki Azaria ya kashe ta, aka gyara takardar shaidar mutuwarta bayan kusan shekara 32. Wannan hukunci ma a kan alamu aka gina shi, domin ba a samu gawa ba kuma babu wanda ya ga abin da ke bakin karen. Sawun bakin tanti, da jinin cikin tanti, da kukan da aka ji, su ne dai waɗanda ke gaban Denis Barritt a 1981.